Gurasar da Na Ba Inna

Ku matso kusa, akwai abin da nake so ku ji, kuma ba maganar ɗaga murya ba ce. Ni mai surutu ce, duk unguwarmu an sani. In na yi shiru rabin yini sai maƙwabta su leƙo ta katanga su ga ko lafiya. Amma wannan maganar ban taɓa buɗe baki na faɗe ta ba. A kayen 'yan lakwal, wato littafin rubutun 'yan makaranta, nake rubuta ta, da ɗan karatun da na tsinta, don aji uku na yi aka dawo da ni gida raino.

A Gaya ta Nijar aka haife ni, a Gaya na yi aure, a nan gidan Baba nake zaune har yau. Ko Dosso sau biyu na taɓa zuwa. Babanmu daga ƙetaren iyaka ya zo, ɓangaren Najeriya, yana gyaran injin ban ruwa na masu noman shinkafa a bakin kogi. Kirista ne, ɗan Anglikan, kuma shi ne katikis na ɗan cocinmu. Cocin ɗaki guda ne mai rufin kwano a bayan wani gareji. Masu zuwa ba su da yawa: 'yan kasuwa Inyamurai masu sayar da kayan mota, matan Yarabawa masu kwanuka, sai mu. Katikis yana karanta addu'a, yana wa'azi, yana binne mamaci, amma ba ya ba da Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake yi wa addu'a a raba wa jama'a. Wannan sai Rabaran, limamin da Bishof ya naɗa. Mu kuwa ba mu da Rabaran. Wani dattijo ne yake tsallako iyaka a moto, wato babur, sau biyu ko uku a shekara ya ba mu, ya ci tuwo, ya koma.

Innarmu ba ta iya karatu ba, wa'azi ma barci yake sa ta. Jibin nan dai shi ne addininta. In aka ce Rabaran na zuwa, tun ana saura kwana uku za ta wanke farin zanenta, ta shirya da duk wanda suka yi cacar baki, ranar kuma ko ruwa ba ta sha sai ta karɓa.

Ni kuma Allah ya ba ni kunne. Abin da na ji sau biyu ya zauna. Ina kwaikwayon Hausar Inyamurai, ina kwaikwayon Dandanci, yaren maƙwabtanmu Dandawa, har su kansu su yi ta dariya. Haka addu'ar Jibi ta shiga kaina tun daga farko har ƙarshe, da inda dattijon yake tsayawa ya ja numfashi. Wata rana ina wanke-wanke ina rera ta, Baba ya fito daga ɗaki ya tsaya a kaina. Ya ce, "Wannan ba ta bakinki ba ce. Ni kaina ba ta bakina ba ce. Kar in sake ji." Ban sake ba.

Bayan Baba ya rasu, ƙanena, autanmu, ya ce zai tafi makarantar limamai a Najeriya. Auta muke ce masa duka. Ni na goye shi, na yaye shi, na raka shi lakwal. Da ya faɗa, Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta fito masa da tsohuwar jakar Baba.

Shekara huɗu ya yi. Duk bakans, in an ba su hutu, zai zo ya baje a tabarma, in zuba masa tuwon shinkafa da miyar kifi, ya yi ta ba mu labarin makarantar. Ya ce Turawan mishan ne suka fara ta, kuma da farko ba limamai take horarwa ba. Manoma ake tarowa daga ƙauyuka a koya musu karatu a ɗakin laka, su zo da matansu da 'ya'yansu, da safe su yi noma, da rana su zauna a benci. In sun iya karanta addu'a sai a mayar da su ƙauyukansu su riƙe jama'a, irin aikin da Baba ya yi. Da Turawan suka tafi, 'yan ƙasa suka karɓa, suka ce riƙon ƙwarya ya isa, sai sun horar da limamai nasu. Ya ce tsohon ɗakin lakar yana nan, sun ƙi rushe shi, duk sabon ɗalibi sai an kai shi ya shiga ya ga ƙanƙantar tagoginsa. Ya ce abin da ake nanata musu tun ranar farko shi ne, an kafa makarantar don wuraren da ba liman, don a samu wanda zai je ya zauna da mutane ya yi musu magana da harshen da suka sha a nono.

"Irin su Gaya aka yi ta dominsu," in ji shi.

Ni ce mai tambaya. Wa ke dafa muku? Da gaske akwai wanda ya girme ka da shekara ashirin a ajinku? Wannan yaren Girkanci da kuke koyo, akwai mai jin sa a kasuwa? Inna kuwa tambayarta guda ce kullum, bayan ya gama zubarsa: "To yaushe za ka ba ni da hannunka?" Sai ya yi dariya ya ce, "Allah ya kai mu, Inna."

A shekararsa ta uku ɓarin jikin Inna ya shanye. Na same ta kwance a bakin murhu. A likita, wato asibiti, suka ce hawan jini ne. Ta dawo gida tana magana, amma ƙafa da hannun hagu sun tafi. Sai kuma aka rufe iyaka. Manyan motocin da ke jeruwa har bakin gada suka ɗauke, garin ya yi tsit, mai son Malanville da ke ƙetaren kogi sai kwale-kwale, mai son Najeriya sai ya bi hanyar daji a kan moto. Dattijon Rabaran yana da ciwon baya, ba zai iya wannan hanyar ba. Muka fi shekara ba Jibi.

Jikin Inna ya yi ta ja baya. Ta daina cin tuwo, sai koko, kokon ma cokali kaɗan. Ta hana ni gaya wa Auta. Ta ce, "Yana jarrabawar ƙarshe. In kika ɗaga masa hankali ban yafe ba." In ya kira waya sai ta gyara murya ta ce ta ji sauƙi, har tana zama a tsakar gida. Ni ina riƙe mata wayar ina kallon ƙasa.

Da damina aka naɗa shi. Ba mu je ba, ba hanya, kuma ba mai barin Inna. Ya turo hoto a waya. Na kai mata kusa da ido, ta ga farar kwala a wuyansa, ta ce in sake matso da ita. Ni na lura da dogon ƙyallen da limamai ke ratayawa, nasa a karkace yake, daga kafaɗar hagu ya gangaro zuwa ƙugun dama. Na dattijon Rabaran kuwa a wuya yake, ya sauko ta gaba biyu. Na ɗauka yayi ne na yaran yanzu.

Ya ce zai zo ran Litinin. Inna ta sa ni aiki kamar za a yi biki. Na ciro ƙoƙon Jibi daga akwatin Baba na goge shi da toka. Wata Bayarabiya 'yar cocinmu ta tsallaka kogi ta zo mana da kwalbar ruwan inabi. Na sayo burodi da safe, na shimfiɗa farin ƙyalle a kan ɗan teburin da ke gefen gadon. Na yi mata wanka na ɗaura mata farin zanenta, wanda yanzu ya zagaye ta kusan sau biyu.

Hajiya maƙwabciyarmu, Badandiya ce, ita ke taya ni juya Inna safe da yamma. Ta shigo ta ga shirin ta tafa hannu.

"Fofo, sannu uwar liman! Yanzu unguwarmu limamai biyu ke nan. In namu ya yi tafiya sai mu aro naku."

Inna ta ce, "Ba ya aruwa. Ku da kuka ce kansa kamar tulu yana yaro."

"Har yanzu ma tulun ne, kwala kawai aka sa masa."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe Inna.

Da azahar ya iso, laka har gwiwa. Ya yi sallama ya shiga ɗaki da fara'arsa, sai ya tsaya cik. Bai san haka ta koma ba. Ya durƙusa ya kama hannunta mai rai. Can ya ɗaga kai ya ga teburin.

Ya ce, "Yaya, wannan fa?"

Na ce, "Jiranka muke. Tun jiya da yamma ba ta sa komai a bakinta ba."

Sai ya juya ga Inna ya yi mata bayani a hankali, kamar mai karanta takardar magani. Ya ce naɗin liman hawa biyu ne. Da farko ana naɗa mutum dikin, ya yi shekara guda yana hidima ƙarƙashin wani, yana wa'azi, yana baftisma, yana binne mamaci. Sai bayan nan Bishof ya sake ɗora masa hannu ya zama cikakken Rabaran. Dikin ba ya yin addu'ar da ake yi a kan gurasa. Shi ya sa ƙyallensa yake a karkace.

Mu ba mu taɓa ganin dikin ba. Tun da aka kafa ɗan cocin nan, katikis muka sani da Rabaran, babu na tsakiya. Shi kuma a makarantarsu kowa ya san haka, bai taɓa zaton abin faɗa ne ba.

Inna ta ce, "Shekara huɗu ba su koya maka ba?"

"Sun koya mini, Inna. Na iya. Izini ne ba a ba ni ba tukuna."

"Sai yaushe?"

"Baɗi war haka."

Ta rufe ido. Ta ce, "To, ba ni ruwa in sha."

Na ja shi bayan ɗaki wajen tulunan ruwa. Na ce, "Auta, kalle ni. Ka gan ta. Baɗi kake faɗa?"

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ta hana."

"Da na sani da na roƙi Rabaran ya yi addu'ar a can, in ɗauko in kawo mata. Wannan an yarda dikin ya yi."

"To ba ka sani ba, ga ka ga ta, ga burodi. Shiga ka yi. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Yaya. Sati biyu ke nan da na durƙusa gaban Bishof na yi alkawarin biyayya. Ki ce in fara aikina da karya shi?"

"Da hannun nan na wanke maka kashi, yau kai ne kake karanta mini doka?"

Idonsa ya yi ja. Ya ce in ya yi abin da ba a ba shi ba, ba Jibi zai ba ta ba, yaudararta zai yi, kuma ba zai yaudari Inna a kan gadon mutuwa ba. Ya ce gobe da sassafe zai koma ya sami dattijon, ya dawo da abin da aka yi wa addu'a. Kwana ɗaya zuwa, kwana ɗaya dawowa.

Ya tafi ran Talata. Da rana aka tsuge da ruwa, aka kwana ana yi. Ran Laraba ya kira ya ce ya samu, yana hannunsa, amma rafin da ke kan hanyar dajin ya cika, masu moto sun ƙi shiga, sai ruwa ya janye.

Ban ɗauke teburin ba. Burodin na nan tun Litinin, ya bushe ƙarƙashin ƙyalle. Bayan la'asar ina zaune ina yi wa Inna fifita, sai ta buɗe ido. Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba.

Ta ce, "Ke 'yar nan. Ai kin iya."

Na ce, "Na iya me, Inna?"

"Kar ki raina mini hankali. Na sha jin ki wajen wanke-wanke."

"Baba ya hana ni."

"Babanki can na nufa. Zan gaya masa ni na sa ki."

Na ce, "Auta yana hanya. Gobe zai iso."

Ta ce, "Shi yana da gobe."

Na zauna kaɗan. Ban yi dogon tunani ba, kar in yi muku ƙarya. Na tashi na turo ƙofa na sa sakata, don kar Hajiya ta faɗo. Na wanke hannu. Na zuba ruwan inabin a ƙoƙo, na ɓalli gefen burodin, na tsaya inda liman zai tsaya. Na fara daga farko. Ko kalma ɗaya ban manta ba, bayan duk shekarun nan. Inda dattijon ke tsayawa ya ja numfashi, ni ma na tsaya. Inda jama'a ke amsawa, Inna ta amsa, muryarta can ƙasa. Ina jira in ji tsoro, ko in ji wani abu ya sauko mini. Ban ji komai ba. Ina jin akuyar Hajiya tana kuka ta bayan katanga, ina ganin ƙuda a kan labule, bakina yana ta aikinsa.

Ba ta iya haɗiye busasshen abu, sai na tsoma gurasar a ƙoƙon har ta yi laushi, na sa mata a baki. Ta daɗe tana juya ta. Ta ce amin. Na tuna Rabaran ba ya barin saura, yakan cinye abin da ya rage, sai ni ma na cinye gutsuren na shanye ƙoƙon. Na ɗauraye shi, na mayar da komai yadda yake, kwalbar kuma na kai ta ƙarƙashin gadona.

Inna ta ce, "Buɗe mini taga, ɗakin ya yi zafi." Na buɗe. Ta yi barci.

Ran Alhamis da hantsi ina dama koko a tsakar gida, na shiga da kofi na tarar ta tafi. Na ajiye kofin a teburin. Na gyara mata ƙafa, na rufe ta, na leƙa katanga na kira Hajiya. Ita ce ta fasa kuka. Ni na koma na sauke tukunya don kar kokon ya ƙone.

Auta ya iso da azahar, da ɗan ƙaramin akwati rataye a wuyansa cikin riga. Tun daga bakin layi ya ga tabarmi a ƙofar gida. Shi ya binne ta da yamma, tunda wannan dikin yana da izininsa. Ya karanta komai daidai, muryarsa ba ta rawa. Abin da ya ɗauko kuma ya raba wa 'yan coci ran Lahadi. Da aka watse ya same ni a madafa.

Ya ce, "Yaya, ta ce wani abu?"

Na ce, "Ta ce a buɗe mata taga."

Ya gyaɗa kai ya fita.

An yi kwana bakwai ana zuwa gaisuwa, masu shinkafar da Baba ya yi wa gyara, matan unguwa, limamin masallacinmu da kansa. Na dafa, na raba, na amsa gaisuwa da Hausa da Dandanci. Mutane suna cewa ina da dauriya. Ba dauriya ba ce. Kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, haka nake jin kaina tun ranar, kuma har yau bai gama sakina ba.

Da shekara ta zagayo aka naɗa shi cikakken Rabaran. Ba Gaya aka turo shi ba, Bishof ya ba shi wasu ƙauyuka can cikin Najeriya. Amma shi ya gaji dattijon, shi ke tsallakowa ya ba mu Jibi. Ina shiga layi in durƙusa in miƙa hannu, ya sa mini gurasa, in ce amin.

Makarantarsu takan kira shi ya yi wa sababbin ɗalibai magana. Wata rana ya turo mini muryar a waya, wai in ji. A tsohon ɗakin lakar ya tara su. Ya ba su tarihin wurin kamar yadda yake ba mu a tabarma, sannan ya ce musu mahaifiyarsa ta rasu tana jiran Jibi, ya iso da shi a wuyansa bayan ta cika. Ya ce kada wata tsohuwa ta sake mutuwa da wannan yunwar saboda babu liman a garinsu, don haka aka gina makarantar, don haka suke zaune a nan. A wurin ina jin wani yana tari a baya. Na kashe wayar na ci gaba da tsintar shinkafa.

Yana ɗauke da abin nan, na sani. Ya rame, kuma in ya zo gida ba ya shiga ɗakin Inna. Kalma kaɗan daga bakina za ta iya sauke masa. Amma na san Auta, ba ya faɗin abin da bai yarda da shi ba ko don ya faranta wa mutum. Zai iya kallona ya ce, Yaya, abin da kika ba ta burodi ne kawai. In ya faɗi haka, shi liman ne, ya yi karatu, ni ba ni da bakin musu, kuma daga ranar Inna ta tafi ba ta ci komai ba. Muddin na yi shiru, abin da ta ci yana nan yadda ta ɗauke shi, shi kuma yana nan da nasa nauyin.

Ran Asabar mai zuwa zai iso. Na riga na yi wa mai kifi magana. Zai zauna a tabarma, in zuba masa, babu kowa sai ni da shi. Ku da kuka ji yanzu, in gaya masa?